Ranar da Aka Ɗora Mashin Ɗin Danladi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwana na zumuntar mata. Ku yi haƙuri da muryata, ba ta gama dawowa ba.

Kun san mijina Danladi, mai acaɓa tsakanin Kafanchan da Kagoma. Tun da muka binne shi bakina ya rufe. Ba na magana, ba na addu'a, ko yarana suka kira ni sai dai in bi su da ido. Abu ɗaya ya bar mana, mashin ɗinsa. Na so in ba wani ya riƙa aiki da shi mu samu na abinci.

Sai ga yayansa, Baba Yohanna, da mota a-kori-kura da samari uku. Wai dangi sun zauna, kayan namiji gidan ubansa yake komawa.

Ina zaune a bakin ƙofa suka jingina wani siririn katako a bayan motar, suka fara tura mashin. Katakon yana lanƙwashewa, mashin yana tangaɗi. Wayyo! Abin da Danladi yake gogewa kowace safiya kafin ya wanke fuskarsa! A zuciyata na ce, Yesu, ka ɗauke mijin, yanzu a gabana za a farfasa wannan ma?

Sai na ji murya ta ce, "Ku tsaya!" Ashe tawa ce.

Na ce, "Baba, ba haka Danladi yake yi ba. A ja motar baya zuwa gindin tudun can, a kawo katako mai kauri."

Ya dube ni ya ce, "Maman Rahila, ashe kina magana?"

Suka yi yadda na ce. Mutum ɗaya riƙe da kan mashin da birki, biyu suna turawa. Da mashin ya hau motar, ni na rufe mai, na sa shi a giya, na danna tayar gaba jikin ƙarfen motar. Na ɗaure igiya dama da hagu, na ja har gaban ya nutse, na ɗaure baya. Zanena na naɗa a tanki don kada igiya ta goge fenti. Na girgiza shi, ko motsi bai yi ba.

Na zaci Baba zai ji kunya ya ce a sauke. Ina! Cewa ya yi, "Sannu da aiki." Suka tafi.

Mashin bai dawo ba, kuma ba na jin zai dawo. Yau ma ban san abin da zan dafa ba. Kada in yi muku ƙarya a gidan Allah, zuciyata a karye take.

Amma da ƙarar motar ta ɓace, Rahila ta ce, "Mama," na amsa. Na gode wa Ubangiji saboda wannan. Ku riƙe shi, ko da abin da ya ba ku bai wuce haka ba. Ku sa mu a addu'a. Amin.