Lambar da Shahida Ta Raba Sau Goma Sha Biyu

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamaina da abokan aiki, iyaye mata da maza da kuka taso tun daga Araba da Lafani da Amarawa, ɗalibai 'ya'yana, assalamu alaikum.

Ni ne Maccido, malamin lissafin wannan makaranta. Na gode muku da kuka bar gona da kasuwa kuka zo taryar wannan kofi, kuma hakkinku ne ku ji yadda aka yi ya zo Illela.

Da farko, ga tambayar. A zagayen ƙarshe na gasar makarantu a Sakkwato mun yi kunnen doki da wata makaranta, sai alƙalai suka rubuta lamba ɗaya a allo: miliyan talatin da uku da dubu ɗari biyar da hamsin da ɗari uku da talatin da shida. Suka ce a faɗi jinsinta, da hujja.

Na biyu, ga abin da 'ya'yanku suka yi. Dabo, kyaftin ɗinmu, ya ce cika ce ba mara ba, yana shirin miƙewa. Shahida ta riƙe masa hannun riga, tana raba lambar gida biyu, tana sake rabawa, har sau goma sha biyu, sai ta tsaya a dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya, wadda ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta.

Dabo ya ce, "Mi kinka gani? Lokaci na tahiya."

Ta ce, "Irin shidda ce. Ɗaya da biyu da ukku na raba shidda, in an haɗa su kuma shidda za su ba ka. Wagga ma haka take."

Jama'a, irin wannan ita ake kira kammalalliyar lamba, kuma wannan ce ta biyar a jerinsu kaf.

Na uku, ga inda zuciyata ta tsinke. Shahida a Ƙonni ta Nijar ta yi firamare, da Faransanci ta san sunan, na Turanci ya ɓace mata. Ta faɗa da Hausa, wancan ɓangare suka ce ba a yarda ba. Babbar alƙaliya ta miƙa mata alli ta ce, "Nuna mana." Yarinyar nan ta jera duk lambobin da ke raba lambar, ban da ita kanta, guda ashirin da biyar, ta haɗa su a gaban kowa, jimla ta fito daidai, ko ɗaya bai ƙaru ba, ko ɗaya bai ragu ba. Wallahi ban san sanda na tsallake benci ba, ni da ciwon gwiwa!

Iyaye, ku bar 'ya'yanku su zo aji, ko da ranar kasuwa ce.

Allah Ya yi wa yaran nan albarka, Ya ƙara musu basira, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Shahida, taso ki ɗaga kofinku mahaifinki ya gani. Na gode.