Kwana Tara a Gindin Darbejiyar Lakwal

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu.

Ni mai gyaran keke ne a bakin tashar Matameye. Tun ina yaro na gudu daga lakwal, wato makarantar boko, saboda dūka da tsokanar yara. Har na yi furfura, in na hango ƙofar makaranta sai in sake hanya. Tsoro ne, ba na ɓoye muku.

Bara 'yata Saratu ta kawo takardar sakamako a sa hannu. Ban iya rubutu ba, sai na dangwala yatsa da tawadar biro. Washegari wata yarinya, Balki, ta fizge takardar ta zagaya aji da ita. 'Yan ajin suka sa wa Saratu suna 'Yar Dangwale. Suka fasa mata allo, suka hana kowa zama kusa da ita.

Ta ce, "Baba, ko za a yanka ni, ba ni komawa."

Na ji muryata ce ta dā a bakinta. Na durƙusa cikin tarkacen kekuna na ce, "Ya Ubangiji, an kore ni na tafi. Wannan ba za a kore ta ba!"

Tsoron nan ya sake ni, 'yan'uwa! Na sa sunana a ajin yaƙi da jahilci, na kama hannun Saratu muka je wurin darakta, shugaban lakwal ɗin.

Ya ce, "Malam, wasan yara ne, zai wuce."

Na ce, "Mushe darakta, nawa bai wuce ba. Kullum lokacin hutu zan zauna gindin darbejiyar nan ta tsakar lakwal har sai an daina tsokanarta."

Haka na yi. Ina zaune da allona ina koyon baƙaƙe, yara na kewaye ni suna ihu, "Tsoho ɗan aji ɗaya!" Ban zagi kowa ba, ban kuma tashi ba.

Rana ta tara Balki ta leƙo allona ta ce, "Baba, ai wannan baƙin a juye yake." Na miƙa mata alli na ce, "To gyara mini, malama." Ta gyara, ta kasa ɗaga ido.

Da darakta ya ga haka, ya tara lakwal duka ya yi musu magana, aka daina tsokanar. Saratu tana ajinta har yau, ba ta fashi.

Na gode wa Allah! Iyaye, kada ku bari a koro muku 'ya'ya gida ku yi shiru. Ku yi addu'a, ku tashi ku je. Ubangiji zai shiga ƙofar tare da ku. Amin.