Layi na Uku a Katin Mai-Kwali

Shugaban makaranta, iyayenmu malamai da suka yi ritaya, tsofaffin ɗalibai, Hajiya da 'ya'yanta, assalamu alaikum.

Shekara talatin da ɗaya muna teburi ɗaya da marigayi a ɗakin malamai, shi ta taga, ni ta ƙofa. Ya kasance malamin Turancin da ya koya wa rabin mutanen da ke zauren nan rubuta wasiƙa. Ya kasance mai rowar maki, amma ba ya rowar lokacinsa. Ya kasance kuma mai farautar tsofaffin kalmomin Turanci, irin waɗanda masu harshen ma sun manta da su, shi ya sa muka laƙaba masa Mai-Kwali. Kowace kalma da katinta a kwalin takalmi, kowane kati layi uku: ma'ana, jimla daga tsohon littafi, sai mutumin da ya gani da idonsa yana aikata abin. In layi na uku bai cika ba, kati ba ya shiga kwali, a aljihun rigarsa yake zama.

Akwai wata kalma da ta daɗe a aljihun har katinta ya yi laushi, wai "thole". Ya ce marubutan dā suna faɗinta ne ga wanda ya ɗauki wahala ya yi shiru, ba don ba ta yi masa ciwo ba. Na ce masa ai ni ne, shekara nawa ina jure surutunsa. Ya yi dariya, ya ce tunda na faɗa da bakina na fita daga ciki.

Hajiya, kin sha ce mana, rabi wasa rabi gaske, Malam ya fi sanin katunansa a kan mutanen gidansa. Da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, shekara huɗu kina ɗaga shi, kina kwantar da shi, kina ba shi abinci a baki, ga shi ko sannu harshensa ba ya iya furtawa. Mun ji kin ce a fitar da kwalayen, ganinsu yana ƙona miki rai. Wallahi ba mu ga laifinki ba.

Amma shekaranjiya babbar 'yarku ta kawo mini wannan katin, na "thole" ɗin nan. A cikin kwali ta same shi, ba a aljihu ba. Rubutun ya karkace, da hannun hagu ya yi shi. Layi na uku kalma ɗaya ce tak: "Matata."

Ya gan ki, Hajiya. Ga katinki.

Mun gode wa duk wanda ya taho. Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Ke kuma Allah Ya biya ki shirun nan naki da aljanna. Amin.