Tambayar da ta hana ni ɗaki a Boɗinga

Mai gabatarwa, Allah shi ba ka haƙurin karanta wagga takarda har ƙarshe. Ni ne Ummaru, tsohon leburan hanya daga Lambara, kuma tun zamanin Jihar Arewa nike ɗauke da ƙorafin nan.

Bayan samun 'yancin kai anka gina wa leburori ɗakuna a Boɗinga. Kafin rabo sai masu bincike sunka zo daga Kaduna, suna tambayar kowa inda yake kwana da inda yake aiki. Helmanmu, wato shugaban leburori, Sanda, abokina na ƙuruciya, shi ne tafinta. Ya ce mani, "Ummaru, wai kana da gida?"

Jama'a, wane ɗan halak zai ce ba shi da gida? Na bugi ƙirji na ce, "Gidan ubana na nan Lambara, har da rumbuna!"

Ashe wanda ya ce babu shi za a ba ɗaki. Sanda ya sani, ko ƙifta mani ido bai yi ba. Shi wanda ubansa ke da zaure biyu, ya ce musu a tasha yake kwana, anka ba shi ɗaki!

Haka na ƙare aikina ina taka ƙasa daga Lambara, damina da rani, har gwiwoyina sunka mutu.

Sanda na raye, kuma na san shina da rediyo. Sanda, fito ka gaya wa duniya: gaskiyata ce laifi, ko abotarmu? Amsa nike jira.