Canjaras a Ɗakin Jira

A ɗakin jiran likita, wata tsohuwa ta ƙura wa talabijin ido, ana ƙwallon mata. Kusa da ita wani direba ne da hannu a naɗe.

"Kai yaro, waɗannan ba a ba su abinci ba ne? Tun ɗazu suke miƙa wa juna ƙwallo kamar masu gaisuwar mutuwa."

"Baba, canjaras ya ishe su. In aka tashi haka, su biyun sun wuce rukuni, namu su tattaro kaya."

"To namun ba sa wasa ne?"

"Sun ci nasu can, an tashi. Sai ɗaya cikin waɗannan ta sha kashi kafin mu wuce."

"Ikon Allah. Ka share gidanka, a kore ka don maƙwabta sun ƙi faɗa."

Direba ya yi dariya. "Ke da ƙwallo kuma, Baba?"

"Jikata ce a cikin namun. Wasa uku tana ɗumama benci, sai an hasko mai horar da su nake ganin kunnenta. Ya ce in sun wuce zai sa ta."

Alƙaliyar wasa ta busa tashi. 'Yan matan suka rungumi juna.

"Sai haƙuri, Baba. Akwai wata gasar."

"Shekarunta talatin da huɗu, ɗan nan." Ta jawo sandarta. "Tun tana ƙarama nake addu'ar kar a karya mata ƙafa a wasan banzan nan. Ga shi za ta dawo min da takalminta ko ciyawa bai taka ba."