Gayyar Rijiya Ranar Lahadi

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ina gajiya, ina aiki? Ni ne Sani mahauci daga Talata Mafara, yau bakina har kunne!

Rijiyar unguwarmu ce ta rufta, liman ya kira gayya. Muka ce Talata kasuwa, Juma'a masallaci, sai muka sa Lahadi da safe. Wallahi ba wanda ya tuna maƙwabtanmu Kirista, ma'aikatan dam ɗin Bakolori, suna coci lokacin. Da ban gan su ba, har na fara gunaguni: ruwa kowa na sha, aiki an bar mana.

Rana tsaka sai ga su, fasto a gaba, shebur a kafaɗa, ko kayan coci ba su tuɓe ba! Bulus magini ya shige rijiya da farar rigarsa. Da aka kira azahar, fasto ya karɓe igiyar hannuna ya ce, "Malam Sani, ku je ku yi salla, muna riƙe." Kunya ta kama ni.

Malam, gaishe mini da su. Ka gaya musu mahauta na nan zuwa rufin cocinsu, amma ranar Asabar!