Mai Kanwa da Tudun Rairayi

A kasuwar Gure, wata baƙuwa daga Kelle ta tsuguna gaban wata mai kanwa da ke ta fifita.

"Baiwar Allah, da sanyin safiyar nan kike gumi?"

"Bari, 'yar'uwa. Tun da al'ada ta ɗauke mini zafi ke taso mini, jiki kuma sai buɗewa yake. Ga ayarin Makka zai tashi bayan kaka, madugu ya ce raƙuminsa ba zai ɗauke ni haka ba."

"To, me kika yi?"

"Ungozoma ta ce a riƙa hawa tudun rairayin can sau uku kullum."

"Kina hawa?"

"Ni? Wa zai tsare mini kanwa? Maigidana nake turawa, da zanena a kafaɗa. Ai aikin hajji ma ana yi wa mutum."

"Ya yi amfani?"

"Ƙwarai! Wata biyu, wandonsa har zamewa yake. Nawa rabon ne bai iso ba tukuna."

"Madugun ya gan shi?"

Mai kanwa ta daina fifita.

"Jiya ya gan shi. Wai shi zai ɗauka, ni in jira baɗi."